Dakuwa a Aljihun Audu

Audu ɗan fari ne, don haka Rakiya ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. "Yaron nan" take cewa, kamar ɗan maƙwabta. Da wannan kunyar ta taso a Kano, da ita aure ya kawo ta unguwar Gwange. Amma da ta ga tsakar gida ba kowa, sai ta ja shi bayan ƙyaure ta cika masa aljihu da dakuwa.

Yana shekara huɗu ya daina cin tuwo. A ajiye masa kwano, ya tsoma yatsa ya ture. Wuya ya zama kamar mariƙin ludayi.

Kakarsa Iya Zainaba, surukar Rakiya, ta rasa wanda za ta kama sai Agnes, matar malamin makarantar da ke haya a gidan, wadda kan raba wa yara biskit ranar Lahadi.

"Ke 'yar Biu, biskit ɗinki ya kashe wa mijina baki!" in ji Iya, don haka take tsokanar jikan nata.

"Haba Iya, guda ɗaya fa nake ba kowa."

"To daga yau ko ɗayan ba na so. Kar ya ƙara shiga ɗakinki."

Agnes ta dubi Rakiya. Agnes ɗin ce fa ta kwana a kan Rakiya ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Rakiya ta sunkuyar da kai tana ta tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Sai ga Audu da gudu yana ihu, yana yarfe hannu. Iya ta tuɓe masa riga ta zazzage aljihun. Dakuwa ta zubo, tururuwa ta yi mata baƙi ƙirin.

"Wa ya ba ka?"

Ya nuna uwarsa. "Kullum ma."

Rakiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Lallai!" Iya ta tafa hannu. "Kunya a tsakar gida, soyayya a bayan ƙyaure. Ɗauko min kwanon dakuwar."

Ta ɗauko, mayafi a fuska. Iya ta kulle shi a akwatinta, ta ce ɗaya tak, bayan tuwo.

Da la'asar Rakiya ta tsaya a ƙofar Agnes don ta ba ta haƙuri.

"Shigo mana, Maman Audu," in ji Agnes.

Ba ta taɓa amsa wannan sunan ba. Ta waiga hagu da dama, ta ce, "Na'am."