Awarar da Mou Defa Ya Roƙa

Ruwa ya yi kwana da kwanaki yana zuba a ƙauyen, har masarar da ke gangaren dutsen bayan gida ta fara kwanciya. Tsohuwar gidan dai, mai suna Ran Guixiang, ba ta ruwan take ba a ranar. Tun da ɓarin jikin mijinta Mou Defa ya shanye, kunun shinkafa kawai yake iya haɗiya, sai yau da safe ya buɗe baki ya ce awarar mapo, mai romon nama da barkono, yake marmari.

"Mai yaji, Tsohuwa. Ba irin abincin asibiti ba, wanda ko kare zai shinshina ya wuce."

"Ji shi! Cokali ma riƙe maka ake yi, amma bakin yana nan da ransa."

Ta yanka awarar ƙanana, ta zuba a ruwan gishiri mai zafi don kada ta farfashe. Daga randa ta ɗebi ruwan, domin bututun da ke kawo musu ruwa daga kan dutse ya ɗauke tun jiya, ga sama kuwa tana zuba kamar da bakin ƙwarya. Ta daddatsa naman sa, ta gasa fasaƙwari a busasshen kasko ta daka, ƙamshin ya sa tsohon atishawa daga ɗaki.

Da ta tsiyaya mai sai ta tsaya. Kaskon a gine yake cikin murhu, tun tana amarya bai taɓa motsi ba, amma yau man ya karkata wajen ƙofa. Ta jawo shi tsakiya da ludayi, ya sulale ya koma. Ta ce a ranta idon tsufa ne, ta watsa naman.

Nama ya soyu ya yi ƙaras-ƙaras. Ta sa jar daddawar wake mai barkono, ta juya har man ya yi jawur, ta bi da tafarnuwa da citta, ta zuba romo, sannan ta zurara awarar a hankali. Ana cikin haka maƙwabcinsu Kang Youlin ya banko ƙofa da kafaɗa, don ta ƙi buɗuwa da hannu.

"Matar Yaya, kashe wutar nan. Ƙasa ta tsage a saman gonarku, na zura sandata ban ji ƙarshe ba. Shugaban ƙauye ya ce kowa ya haye gada ya tafi makaranta."

"Kang ne?" in ji Defa daga ɗaki. "Sarkin tsoro! Bara ma haka kuka ce, muka je sauro ya yi biki a kanmu, dutsen yana nan yana mana dariya."

"Yaya, bara bututunku ya ɗauke?"



"Bari in ɗaure romon," Guixiang ta ce. "Yanzu-yanzu."

Ta dama sitaci tana zubawa kaɗan-kaɗan, tana tura awarar da bayan ludayi. Romon ya yi kauri, yana ƙyalli. Sai ƙasa ta zubo daga rufi a kan hannunta. Can bayan gida itatuwan gora suka fara karyewa ƙaras, ƙaras, ɗaya bayan ɗaya, alhali ko ganye ba ya kaɗawa.

Ta juye awarar a kwano, ta barbaɗa fasaƙwarin, ta rufe ta ɗaure da tsumma. Kang ya goya Defa, tsohon yana ta zage-zage, lafiyayyen hannunsa kuwa ya shaƙe wuyan Kang har yana tari.

Suna gab da gama haye gada Guixiang ta leƙa ƙasa, ta tsaya cak. Kogin da ya kamata a ce yana ambaliya ya zama ɗan siririn ruwa mai jan laka. Duwatsun gindinsa duk sun fito, kifaye na ta mutsu-mutsu a tsakaninsu.

"Kang, ina ruwan ya tafi?"

Kang ya dubi kwarin da kogin ke fitowa, fuskarsa ta sauya. "Bai tafi ko'ina ba. Wani abu ne ya tare shi a sama. In ya ɓalle, nan zai biyo."

Makarantar kuwa a bakin kogi take, cike da mutane.

Ya dire Defa a jikin ƙarfen gadar, ya ruga makarantar yana ihu kowa ya fito. Guixiang ta ajiye kwanon, ta sa kafaɗa a hammatar mijinta, suka kama hanyar hawa ta gonakin shayi, tana jansa yana jan ƙafa. Mutane suka riƙa wuce su da yara a goye. Daga baya wasu maza biyu suka karɓe shi.

Da la'asar ruwan ya zo. Kafin su gan shi sun ji shi a tafin ƙafa. Ya ɗauke gadar, ya shiga makarantar ta tagogi ya fita da bencina. Da aka duba a kan tudu, kowa yana nan, har Kang, jiƙe sharkaf.

Defa ya daɗe yana kallon tsallaken kogi. Gidansu na tsaye, tsagar da ke samansa kuwa yanzu daga nan ma ana hango ta.

"Tsohuwa," ya ce a hankali, "kada ki saki hannuna."

Ta riƙe. Ruwan sama bai tsagaita ba.