Rabon Kawu Enoder

"Ki ce mata ba na nan!" Tsoho Ned ya daka min tsawa daga kan gado, tari ya sarƙe shi.

"Ina za ka, kai da ko banɗaki sai an riƙe ka?" na ce.

Baƙuwar tana baranda riƙe da jaka. Sunanta Loveday, daga Cornwall ta taso, can ƙetaren teku. Ta karaɗe maƙabartu da coci-cocin garinmu Grass Valley tana cigiyar ƙanin mahaifiyarta, Enoder Trevaskis, wanda ya hau jirgin ruwa yana saurayi, ya ce sai ya cika hularsa da zinariya zai dawo. Ni dai Ned na sani, maƙwabcina, wanda ramin haƙar zinariya ya cinye wa huhu bai ba shi ko zobe ba.

"Ban san wani Enoder ba," ya ce, ya juya wa ƙofa baya.

Motar da za ta mayar da ita da yamma za ta tashi. Na zaunar da ita a kicin ɗinsa, na ba ta burodi mai nama da dankali a ciki, irin wanda mazanmu ke shiga rami da shi. Ta ɓalli gefe ta ajiye a bakin faranti.

"Ke ma aljanun rami kike ajiye wa, kamar tsofaffinmu?" na ce.

"Na Kawu ne. Tun da ya tafi Mama ke ajiye masa, wai ko zai shigo da yunwa. Ba ta fasa ba har ta rasu bara."

Gado ya yi ƙara.

"Morwenna ta rasu?" Ned ya tambaya daga ɗaki.

Baƙuwar ba ta taɓa faɗin sunan uwarta ba. Ta miƙe, kujera ta kife, ta nufi gadonsa.

"Marowaciya," ya ce, hawaye na gangara cikin gemunsa. "Gefe kawai? Naman fa? Miƙo min rabona, 'yar nan."

"Ga shi, Kawu."

Mutumin da ko ruwa ya daina wuce masa, ya tauna gefen nan sannu a hankali har ya haɗiye. Mota ta tafi ba ita. Ran Lahadi ya cika, hannunsa cikin nata.

Da muka dawo daga maƙabarta na sake gasa burodin. Ta ɓalli gefe biyu, ta jera su a bakin faranti, kusa da juna.