Ganyen Kanumfari

Jagoran ya tsinko wani ganye, ya murza shi a tafin hannu, ya ɗaga wa 'yan yawon buɗe idon da ke biye da shi. "To, wa zai faɗa mana na wace bishiya ne?"

"Ba wa mamata," in ji wata matashiya, tana turo mahaifiyarta gaba. "Shekara arba'in tana sayar da kayan yaji. Ko a buhu aka ɗaure abu, daga bakin ƙofa take faɗin sunansa."

Mai Yaji, kamar yadda ake kiranta a kasuwa, ba abin da take so sai wurin zama. Awa biyu ke nan suna zagaya lambun kayan yajin, ƙafafunta sun kumbura, laka ta cika mata takalmi. Jagoran kuwa, duk bishiyar da ya dafa sai ya ce maganin ciwo bakwai ce, alhali shi kansa ɗingishi yake yi.

Ta karɓi ganyen ta juya. Ba ta san shi ba. Ita busasshen kaya ta sani: citta a yanƙwane, masoro baƙi ƙirin, kirfa a nannaɗe. Wa ya taɓa kawo mata su da ganyensu? Ta kai hanci ta shaƙa. Babu komai. Tun zazzaɓin bara hancinta ya mutu, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. A rumfa, ido da yatsa ne suke rufa mata asiri. Nan kuwa ba su da ta cewa.

"Kirfa," ta ce.

Wata mata a gefe ta yi dariya. "Haba Baba, kanumfari ne fa! Daga nan nake jin sa."

"Gajiya ce," in ji 'yar da sauri. "Ku ci gaba, za mu same ku."

Suka zauna a wani benci mai danshi. Muryar jagoran ta yi nisa, yana tallar wata saiwa mai mayar da tsoho yaro.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun bara."

"Shi ya sa kike cewa in ɗanɗana miki miya?"

"Da kin zaci ƙaunarki ce ta yi min yawa?" Ta zare takalmi ɗaya ta karkaɗe. "Kar yayanki ya ji. Da ma neman dalili yake ya rufe min rumfa, ya ajiye ni a falo kamar tsohuwar kujera. Wai hutu. Ban taɓa ganin wanda hutu ya warkar ba."

'Yar ta ɗauki ganyen daga cinyar uwar. Ta murza shi, ta shinshina.

"Ranar Asabar ba na zuwa ofis," ta ce. "In za ki saro kaya, in raka ki. Yaya ake gane mai kyau?"

Tsohuwar ta harare ta.

"Ba haka ake murzawa ba. Kawo nan."