Tudu Ukun da Aka Kankare

Injiniya Badaruddeen ya yi ritaya daga ofishin kula da tituna a ƙarshen shekarar 2004, bayan shekara talatin da biyar yana aiki. Yana zaune a Nassarawa GRA, cikin wani tsohon gida mai faɗin fili da itatuwan dalbejiya. An san shi da kaffa-kaffa, ba a taɓa jin sunansa cikin wata badaƙala ba. Shi ma haka ya ɗauki kansa.

Autarsa Sakinatu likita ce a sashen gaggawa na wani asibitin gwamnati. A damunar 2006 aka ba ta aikin bincike: ta tattara bayanan duk waɗanda aka kawo asibitin saboda haɗarin hanya tun daga 1999, ta gano yadda abin yake hawa da sauka, da wuraren da ya fi aukuwa. Ta kwashe wata uku tana fama da tsofaffin rajista, wasu gara ta ci gefensu, wasu rubutun ya dushe.

Wata Asabar bayan la'asar ta baje takardunta a teburin cin abinci. Mahaifinta ya shigo daga masallaci, ya ja kujera ya zauna kusa da ita, don yana son irin wannan aiki na lissafi da taswira.

"Me kika gano, likita?" ya tambaye ta cikin zolaya.

"Abin da kowa yake gani da ido ne, Abba, sai dai yanzu yana rubuce," in ji ta. "Tun da aka dawo siyasa babura suka cika gari. A raba wa matasa yau, jibi su fara ɗaukar fasinja. Raunin kai ya ninka fiye da sau biyu. Bara da mata suka fara komawa hawa keken A Daidaita Sahu, matan da ake kawo mana da karaya sun ɗan ragu. Duk wannan na fahimta. Wuri ɗaya ne ya ɗaure mini kai."

Ta juyo masa da taswira, ta ɗora yatsa a kan wani titi da ya fita daga GRA ya nufi Tudun Wada.

"Nan. A 2000 mutum goma sha tara aka kawo daga wannan wuri. Shekara biyun da suka biyo baya, huɗu da uku. Sai a 2003 ya yi tsalle zuwa ashirin da biyu, kuma tun daga nan bai sauko ba. Yawancinsu masu tafiya a ƙasa ne. Bakwai sun rasu. Kai da ka san titunan garin nan kamar yunwar cikinka, me ya faru a wurin a 2003?"

Badaruddeen ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin rigarsa. Ya daɗe yana gogewa.

"Ban tuna ba," ya ce. "An daɗe."

Ya tuna sarai. A farkon 2001, bayan mutanen unguwar sun yi ta kai kuka, ofishinsa ya gitta tudu uku na kwalta a titin don rage gudun motoci, daidai inda ake tsallakawa zuwa injin niƙa da makarantar Islamiyya. Da lokacin yaƙin neman zaɓe ya zo a 2003, jerin motocin 'yan siyasa masu jiniya suka mai da titin hanyarsu. Manya suka fara bugo waya cewa tudun yana ɓata musu lokaci. Shugabansa bai ba shi umarni ba, abin da ya rubuta a kan fayil kawai shi ne a duba. Da ya so, da ya duba ya ce a bar su. Amma a lokacin ya sayi wata mota mai ƙasa-ƙasa, kullum safe sai salansarta ta gogi tudun na tsakiya, ransa ya ɓaci tun kafin ya isa ofis. Ya sa hannu ba tare da ya je wurin ya tsaya ko na minti goma ba. Gireda ta kankare tudun uku cikin yini ɗaya.

Bayan mako guda wasu mutum biyar daga unguwar suka zo ofishinsa, wani mai faci ne ya jagorance su. Ya bar su a benci har awa biyu. Da suka shigo ya ce musu za a kafa alluna, a zana layin tsallakawa. Ya ma rubuta hakan a wata 'yar takarda a gabansu. Bai sake bi ta kan maganar ba.

A sallar magaribar wannan Asabar ɗin ya kasa sanin ko raka'a biyu ya yi ko uku. Washegari matarsa Hajiya Nafisa ta lura ko shayi bai sha ba, ta tambaye shi ko jikin ne. Ya ce gajiya ce.

Ranar Litinin da hantsi ya ɗauki mota shi kaɗai ya tafi titin. Ya yi fakin a gindin wata bishiya, ya fito ya tsaya. Shekara uku yana wucewa ta nan, bai taɓa kallon wurin daga ƙasa ba. Har yanzu ana ganin tabon tudun, layi uku masu duhu a jikin kwalta. Motoci na fitowa daga kwana da gudu, 'yan acaɓa na kutsawa tsakaninsu. Wata tsohuwa ɗauke da roba a ka ta sa ƙafa a titi sau uku tana janyewa, kafin ta samu ta ruga.

"Yallaɓai, sannu da zuwa."

Ya juya. Wani mutum ne mai furfura a gemu, hannunsa baƙi ƙirin da man taya, yana tsaye kusa da injin ba da iska.

"Ba ka gane ni ba. Lawan ne. Mun zo ofishinka."

"Na gane ka, Malam Lawan."

Lawan ya goge benci da tsumma ya ce ya zauna. Babu fushi a fuskarsa, abin da ya ƙara dagula wa Badaruddeen zuciya ke nan. Ya tambaye shi yadda wurin yake tun bayan wancan lokaci.

"To, ga shi dai kana gani," in ji Lawan. "Ni ne nan bakin titi, don haka ni ake fara kira. Na daina sa farar riga a wurin aiki. Mu tare tasi, wani ya tsaya, wani ya ce ba ya son rigimar 'yan sanda. Akwai Nura ɗan Bappa Sule, yana aji biyar na sakandare, a kan cinyata ya cika kafin mu kai asibiti. Akwai Idi mai rake. Akwai wata baƙuwa daga Ringim da ta zo biki, har yau ban san sunanta ba."

"Ba ku sake kai kuka ba?"

"Mun kai. Sau biyu muka tara ƙasa da duwatsu muka yi namu tudun, aka zo aka kwashe, aka ce ba bisa ƙa'ida muka yi ba." Ya goge hannu da tsumma. "Gaskiyarsu ne kuma. Ba mu da takarda."

Badaruddeen ya ce yana son ganin wani daga cikin waɗanda suka rayu. Lawan ya bar shagon a hannun maƙwabcinsa, suka bi wani lungu mai kwata a tsakiya har zuwa wani gida mai ƙofar langa-langa. Ya yi sallama, aka ba su izini.

Matar sunanta Hasiya, ba za ta wuce shekara arba'in ba. Tana zaune a tabarma a rumfar tsakar gida tana tsince shinkafa, ƙafafunta a miƙe an rufe su da zani. A da awara take sayarwa a bakin titin. Wata safiya a 2004 tana tsallakawa da markaɗen waken suya, wata bas ta kwashe ta. Ƙashin bayanta ya taɓu, tun daga ranar ba ta sake takawa ba.

"Wannan babban injiniya ne," in ji Lawan. "Ya zo ganin halin da titin yake ciki."

Fuskar Hasiya ta washe. "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Allah ya raya zuri'a. Ka ga tun da abin nan ya same ni babu wani babba da ya taɓa takowa gidan nan. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya."

Tana ta jero addu'a. Ya ga cewa zai iya amsawa da amin, ya tashi ya tafi, kuma Lawan ba zai ce komai ba. Ya tsuguna a gefen tabarmar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Malama Hasiya, dakata. Kafin ki ci gaba, akwai abin da ya kamata ki sani. Tudun da aka cire a titin nan, ni na sa hannu aka cire. Ba wanda ya tilasta mini. Malam Lawan ya zo ya gargaɗe ni, na yi masa alkawari ban cika ba."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta dubi Lawan, ya sunkuyar da kai. Wata kaza ta matso kusa da faifan, ba wanda ya kore ta.

"To me ya sa?" ta tambaya.

Ya so ya ambaci manyan da suka bugo waya. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba.

"Yana gogar mini ƙasan mota," ya ce.

Hasiya ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ƙasan mota," ta maimaita. "Alhaji, 'yata Aishatu ce take ɗaga ni ta kai ni banɗaki. Ta bar makaranta saboda ni. Yanzu me kake so in ce maka?"

"Ba na son ki ce komai."

"A'a, kana so. Duk wanda ya zo da irin wannan magana yafiya yake nema. Ni dai direban bas ɗin na yafe masa tun ina asibiti, don ya zo yana kuka. Kai ban san da kai ba sai yau. Ka ba ni lokaci." Ta ja faifan zuwa jikinta. "Kuma ni ina da rai. Gidan Bappa Sule yana bayan masallaci."

Bai iya zuwa gidan Bappa Sule a ranar ba. Ya koma gida ya tarar da Sakinatu ta dawo daga aiki tana cin abinci. Ya zauna a gabanta ya gaya mata komai, har da maganar salansa. Ta ajiye cokali.

"Na ga takardar, Abba," ta ce a hankali. "Na je ofishinku ranar Alhamis neman tarihin titin, aka fito mini da fayil. Na gane sa hannunka."

"Shi ne kika tambaye ni?"

"Ina son in ji daga bakinka ne. Da ka ce ba ka tuna ba, na shiga ɗaki na yi kuka." Ta share ido. "Ni na karɓi Nura. Ina sabuwar likita a lokacin. Ni na fita na gaya wa mahaifinsa."

Ya ce ta rubuta dalilin a rahotonta yadda yake, kada ta sakaya. Ta rubuta ranar da aka kankare tudun da adadin waɗanda aka kawo kafin nan da bayan nan. Ba ta sa sunansa ba, ta ce tsarin rahoton bai yarda da sunaye ba. Bai sani ba ko hakan ne, ko kuwa tausayinsa ta ji.

Daga nan ya shiga zirga-zirga da kwafin rahoton zuwa tsohon ofishinsa. Wanda ya gaje shi, Injiniya Sanusi, yana girmama shi ƙwarai, amma kullum sai ya ce ana dubawa. Sai da aka yi wata takwas, bayan an sake kaɗe mutum biyu, sannan aka zo aka gitta tudu biyu, aka ce na ukun sai an samu kwalta. Ya nema wa Hasiya keken guragu, ya kuma roƙi Hajiya Nafisa ta samo wadda za ta riƙa zama da ita da safe don Aishatu ta koma makaranta. Hasiya ta karɓa, ta aiko da godiya ta bakin Lawan. Maganar yafiya ba ta sake tasowa ba, shi ma bai tambaya ba.

Gidan Bappa Sule kuwa sau biyu yana zuwa bakin lungun yana juyawa. A karo na uku, wata Juma'a bayan an sauko, ya yi sallama. Tsohon ya fito da tabarma suka zauna a zaure. Ya saurari bayanin duka bai katse shi ba, yana jan carbi. Da Badaruddeen ya gama, Bappa Sule ya tashi ya shiga cikin gida, ya dawo da wani ƙaramin hoto na yaro sanye da kayan makaranta, ya miƙa masa.

"Lawan ya riga ya gaya mini ko kai wane ne," ya ce. "Ina ta jiran ka. Ba ka san shi ba, to ga shi, ka gan shi. Injiniya yake son zama."

Badaruddeen ya riƙe hoton da hannu biyu. Tsohon ya koma mazauninsa, ya fara ba shi labarin yaron tun daga ranar da aka haife shi, har aka kira sallar la'asar bai kai ƙarshe ba.