Kan Mai Fito

Bistra ta ce kada in yi magana. Duk abin da baƙuwar za ta yi da wasan kwamfutar da na gina, in kame bakina. Haka ake gwaji a kamfaninta. Mai wasa ya yi wasa, wanda ya gina ya zuba ido.

Na tsaya bayan kujera.

Rabona da wannan aiki an daɗe. Tun da ƙaramin kamfanin da na fara ya rufe, na koma wurin Kawu Neno ina facin taya a bakin hanyar Asenovgrad, nan Bulgeriya. Injin gina wasa da na iya, wato manhajar, ya tsufa, babu mai neman sa. Ranar da na buɗe sabon injin, komai ya canza. Ba a yawan rubutu, akwatuna ne ake haɗawa da zare a kan allo. Na rufe kwamfutar na fita tsakar gida. Washegari na sake buɗewa.

Gurbi ɗaya ne a wurin Bistra. In wannan gwajin ya lalace, ni da taya har tsufa.

Wasan ƙarami ne. Kogi, tsohon mai fito, tsibiri a ƙetare. Duk wahalata tana kan tsibirin. Mai fiton kuwa, motsin da ya zo da injin kamar na gunki yake, sai na ɗauki Kawu Neno a waya yana cin banitsa, burodinmu mai cuku, na ɗora masa motsinsa.

Baƙuwar sunanta Marit, 'yar Holan, daga masu sayar da wasannin Bistra a waje. Ta saka abin sauraro a kunne. Ta kai bakin kogi, ta danna tambaya ko zai ƙetarar da ita. Tsohon ya girgiza kai, hagu da dama, a hankali, yadda Kawu ke yi in an miƙa masa boza mai sanyi, kunun da yake so.

Ta juya ta tafi.

Jirgin ga shi nan, an ce ta shiga, ta ƙi. Na ɗauka wani zaren ne ya tsinke a cikin akwatunan nan, wanda ban ma san da shi ba. Dimo, babban mai shirya manhajarsu, ya sunkuyo kunnena.

"Mai faci, tayarka ce ta sace?"

Marit ta bi gaɓar kogi tana leƙa bayan duwatsu. Ta nufi yamma. Yamma ban gina komai ba. Bishiyoyi suka ƙare, ciyawa ta ƙare. Na buɗe baki, Bistra ta harare ni. Ƙasa ta ƙare. Mutumin da take sarrafawa a wasan ya faɗa cikin baƙi, yana ta tafiya ƙasa, babu inda zai tsaya.

Na ji kamar ni ne.

Marit ta cire abin kunnen. Cikin Turanci ta tambayi inda aka ɓoye abin da tsohon yake so, ta ce ta duba ko'ina. Bistra ta ce ba ya son komai, ai ya yarda.

Marit ta girgiza kai yadda tsohon ya yi. "Wannan?"

"To, ai e ke nan," in ji Dimo.

Bistra ta rufe fuska da hannu biyu. A wurinmu girgiza kai e ne, amma dukanmu mun san cewa in ka bar Bulgeriya abin juyawa yake, girgiza kai a'a ne. Muna gani a fim kullum. Amma su biyun sun gwada wasan kafin ta zo, babu wanda ya ga aibu.

Dimo ya fashe da dariya, ya ce har injin na koya wa ƙauyanci. Ni ban yi ba. Ina jiran a nuna min ƙofa.

Marit ta mayar da abin kunnen, ta ce a sake daga farko.

Ta shiga jirgin. Ruwan ya motsa yadda na koya masa. A tsibirin ƙararrawar coci ta buga, inuwar kerkeci ta gifta ta bayan katanga, Marit ta zabura har kujerarta ta ja baya. Ba ta cire hannu daga madannan ba.

Bistra ba ta ko juyo ba. "Radko, Litinin za ka fara. Ka kankare baƙin nan na farcenka kafin ka taɓa min kwamfuta."

Na fita. A kan matattakala na zauna.