Gurbin Shaida

A ɗakin binciken, Mai Hantsaki ake kiranta, don ita kaɗai ke iya zare silin tsoka guda daga ƙafar ɓera bai tsinke ba. Shekara tara tana bin yadda sinadarin kalsiyam ke kwarara cikin tsoka ya sa ta motsa. Idonta na kan na'urar ƙara girma, hannu biyu a cike, to da me za ta riƙe biro? Sai ta riƙa faɗa, Dogo abokin aikinta yana rubutawa a babban littafin ɗakin. Yaya yake ce mata, don ita ta tsaya masa aka ɗauke shi aiki.

Ƙa'idar wurin ita ce kowane shafi mai aikin ya sa hannu, wani kuma ya sa a gurbin shaida. Dogo ya sa a sama, gurbin mai aikin, tunda rubutunsa ne. Ita kuwa, baiwar Allah, ta rattaba a ƙasa ba ta ko dubawa, tana saurin komawa kan tsokarta kafin ta lalace.

A haka ta gano 'yar kafar da kalsiyam ke yoyo ta cikinta idan tsoka ta gaji. Duk wanda ya gano wannan, shi za a ba shugabancin sabon ɗakin bincike. Da takardar naɗin ta fito, sunan Dogo ne a kai.

Ta ɗauka kuskure ne. Ta same shi a ofishin Farfesa, shugabansu, tana jira ya gyara da bakinsa. Dogo ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya saye shi. Farfesa ya buɗe littafin, ya juyo mata da shi.

"Wannan sa hannun na waye a gurbin shaida?"

"Nawa ne."

"To ai ke kika shaida aikinsa ne, shafi ɗari uku."

Ba muƙamin ne ya fi ƙona mata rai ba. Shekara tara yana miƙo mata biro yana murmushi, ashe ya san layin da yake nuna mata.

Ta kai bakin ƙofa Farfesa ya tsayar da ita. Wai wata mai zuwa baƙi za su zo ganin yadda Dogo ke zare tsokar.

"Yaya," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa, "ki taimaka ki koya min."