Ranar da Mervyn Ya Ba da Karyarsa

Mervyn Harrap ya gwada biron a tafin hannunsa sau biyu kafin ya ɗora shi a kan takardar. Matarsa Glenys tana kallonsa ta ƙofar ɗakin taron gari, daga bencin da aka ce ta jira a kai. Ya sa farar riga, ya aske gemu har ya yanke haɓarsa. Shekara talatin da huɗu suna tare, ba ta taɓa ganin ya yi wa wata takarda irin wannan ladabi ba.

Tambaya talatin da shida ce. Kowacce mutum zai zaɓi lamba daga ɗaya zuwa biyar: ɗaya, abin ba ya faruwa da ni, biyar, kullum ina cikinsa. Idan raina ya ɓaci, nakan rasa yadda zan yi da kaina. Idan baƙin ciki ya zo, nakan ga kamar ba zai wuce ba. Glenys ta san su duka, domin ta tsinci kwafinsu a aljihun wandonsa ranar wanki, an ninke shi huɗu, da amsoshi a gefe cikin rubutun Clarrie Voss, maƙwabcinsu.

Kwafin ya daɗe yana yawo a hannun mazan garin Kurrabin, a kasuwar tumaki ake miƙa shi kamar taba. Clarrie ne malaminsu. Shi ya gano cewa wanda ya cika ɗaya-ɗaya daga sama har ƙasa kama shi ake yi, don ba ɗan Adam da ke da lafiya haka. Sai ka sa uku a kan barci, biyu a kan fushi, ka ce kana hira da matarka. Da wannan dabara maza huɗu suka karɓo bindigoginsu da hukuma ta ƙwace. An binne ɗaya a watan Yuli, da tasa ya harbe kansa.

A watan Fabrairu, shekara ta uku babu ruwa, Mervyn ya haƙa rami da tarakta, ya harbe tumakinsa ɗari shida cikin kwana biyu, waɗanda yunwa ta hana su tashi. Shi da Clarrie suka yi aikin, da bindigogi iri ɗaya da suka saya rana ɗaya tun suna samari. Bayan mako guda, da la'asar, Glenys ta same shi a rumfar aske ulu, zaune a kan buhu, bindiga a kan cinyarsa, alhali babu sauran abin harbi a gonar. Ta kira Saja Pryor, ɗan sandan garin, ya zo ya kwashe bindigogin. Mervyn ya yi kwana tara bai ce mata uffan ba. A kanti, matan da suka yi makaranta tare suka koma gaishe ta da ka kawai. Ta kai ƙarar mijinta wurin hukuma, kuma a Kurrabin wannan ya fi zagin uwa nauyi.

Yanzu takarda ce za ta yanke ko bindigar ta dawo gida. Likitar ƙwaƙwalwa takan sauka da ƙaramin jirgi sau ɗaya a mako shida, ta ga mutum goma sha ɗaya kafin matuƙin ya fara duba agogo.

* * *

Sunan likitar Imogen, ba ta kai ɗiyar Glenys shekaru ba, kuma tana da kirki, abin da ya ƙara tsananta lamarin. Ta kira Glenys ciki, ta ba ta kujera kusa da Mervyn, ta juyo da na'urarta don su gani. Layi ne mai launin kore, da ɗigo a tsakiyarsa. Ta ce ɗigon shi ne Mervyn. Ta yi bayani a hankali cewa ana auna yadda mutum yake riƙe ransa idan ya ɓaci, domin waɗanda abin ke kuɓuce musu su ne suka fi faɗawa cikin damuwa. Mervyn, in ji ta, yana daidai inda yawancin mutane suke, ban da barci.

"Barcin kuwa munsharin tsohuwar nan ne," in ji Mervyn. "Ki rubuta, ko gwamnati ta ba ni diyya."

Imogen ta yi dariya. Ta rubuta wani abu, wataƙila cewa yana raha.

Sannan ta dubi Glenys ta tambaye ta ko akwai abin da take so ta ƙara, tunda ita ke zaune da shi.

Ƙofar a buɗe take saboda zafi. A babban ɗakin, matan coci uku suna jera kujeru, kuma tun da Glenys ta shiga kujerun suka daina ƙara. Mervyn yana juya hularsa a kan gwiwa. Tana jin ƙamshin sabulun askinsa. Akwai abubuwa a bakinta: ya gyara ƙyauren da ya shekara shida yana karkace, ya wasa mata wuƙaƙen kicin duka, ya rubuta ranar canza man tarakta da manyan baƙaƙe ya manna a bango, shi da komai a kansa yake. Wanne daga ciki za ta faɗa bai zama yabo ba?

Sai ta faɗi mafi girma, wanda take ganin ko kurma zai ji.

"Ranar Litinin ya ba wa Clarrie karyarsa."

Hular ta daina juyawa. A waje, wata kujera ta faɗi.

Biddy ce karyar, baƙa mai jan gira, shekararta bakwai tana kora masa tumaki. Mervyn ya taɓa hana ƙanensa aronta na rabin yini, suka yi shekara ba sa magana. A wannan ƙasa mutum yakan sayar da gona, ya sayar da mota, matarsa ma takan tafi ya ci gaba da zuwa kasuwa. Amma karen aikinsa, sai in ya san ba zai kasance nan ya ba shi abinci ba. Mutumin da aka binne a Yuli, ranar Alhamis ya kai nasa gidan surukinsa.

Imogen ta gyaɗa kai tana murmushi. Ta ce tunda garken ya ragu, rage wa kai nauyi alama ce mai kyau, yana nuna mutum ya san iyakarsa kuma yana iya yanke shawara mai wuya. Ta ce ita ma ta taɓa ba da kyanwarta da ta canza gida, ta san akwai ciwo. Ta tambaya ko akwai wani abu kuma.

Glenys ta dubi mijinta. Shi ya gane sarai, kuma a idonsa babu fushi. Da fushi ne da ta samu sauƙi. Abin da ta gani ya fi kama da tausayi, irin na wanda ya ga ka jefa guga a rijiyar da ya san ta ƙafe.

Ta ce babu.

* * *

Bayan mako biyu, da hantsi, Saja Pryor ya kawo bindigar a cikin jakarta. Glenys tana kwaɓa fulawa ta fito da hannu fari. Sajan ya shekara goma sha tara a Kurrabin. Yana saukowa daga mota ya tsaya, domin babu haushin kare. Ya dubi sarƙar da ke kwance a gindin tankin ruwa, da kwanon da aka wanke aka kife.

Ya tambaya ina Biddy, Glenys ta faɗa masa. Ya daɗe yana shafa ƙeya. Ya ce takarda ta zo da sa hannu, shi ɗan aike ne. Ya miƙa wa Mervyn jakar. Sakatar bindigar kuwa, ƙarfen nan da in babu shi ba ta tashi, ya zo da ita daban a cikin safa, sai ya miƙa wa Glenys kamar wanda ya yi kuskure, ya shiga mota bai waiwaya ba.

Ta jefa ta cikin aljihun rigar girkinta. Mervyn ya gani. Bai miƙo hannu ba. Ya kai bindigar akwatin ƙarfe ya kulle, ya rataye makullin a ƙusa. Ya ci abincin rana har da ƙari, ya yaba naman. Bayan nan ya kira ta bayan gida ya nuna mata yadda ake tayar da famfon rijiya idan ya shaƙi iska, ya sa ta yi da hannunta sau biyu.

Ƙarfen yana bugun cinyarta duk inda ta juya. Ta fara tunanin inda za ta ɓoye shi, cikin garwar fulawa ko ƙasan tsohuwar rijiya, har zuciyarta ta ɗan lafa.

Sai ta ji ya ɗauki makullin mota.

"Zan leƙa wurin Clarrie, tsohuwa. In ga yadda karyar nan take."

Clarrie yana birni tun jiya wurin likitan haƙori, ita ta ji matarsa tana faɗa. Gidan Clarrie kuwa ba a kulle shi. Bindigarsa, ƙanwar wannan, tana bayan ƙofar ɗakin wanki da sakatarta a jiki, kowa ya sani.

Glenys ba ta cire rigar girkin ba, ba ta canza silifas ba. Kafin ya tayar da motar ta zagaya ta shiga gefensa, ta ja ƙofa. Ya dube ta, ya dubi fulawar da ke hannunta, ya sa giya.

Tsakanin gidansu da na Clarrie ƙyaure bakwai ne na shingen dabbobi. Tun da aka fara tuƙa mota a wannan ƙasa, wanda ke gefen direba shi ke sauka ya buɗe, mota ta wuce, ya rufe, ya dawo ya shiga. Ba ta tuna da wannan ba sai da ta hango na farko yana matsowa, sabon fenti a jikinsa, shi ma ya gyara shi.

Ya tsaya. Injin yana ta kaɗawa. Ta yi tunanin ta ce ya sauka da kansa, sai ta ga faɗin haka daidai yake da faɗin komai, kuma bakinta ya ƙi.

Ta sauka. Ƙasa tana ƙona ta ta cikin silifas. Ta zare sarƙar, ta tura ƙyauren har ƙarshe, ta riƙe shi. Motar ta wuce ta gabanta a hankali, yana kallon gaba, kujerarta babu kowa.

Ta tsaya riƙe da ƙarfen mai zafi, idonta a kan fitilun bayan motar, tana jiran su yi ja, alamar ya taka birki.